Yatsa Biyu da Aka Rage wa Bindigar Maigida

Da keken ɗinkina na kori mahaifina daga Jidda. Ba wanda ya taɓa faɗa mini haka a fuska, mijina ma in na ɗauko zancen sai ya ce ƙaddara ce, in daina tsangwamar kaina. To, ƙaddara ce, ban musa ba. Amma ni ce na riƙe almakashin.

Baba yana ɗan shekara bakwai aka sauke su a tashar jiragen ruwa ta Jidda, shi da iyayensa. Aikin hajji suka zo, ba su koma ba. Kakana maƙerin bindiga ne a garinsu, can wajen fadamun Haɗeja, irin masu ƙera adaka. Da ya zo nan ba mai barinsa ya ƙera bindiga, sai ya koma gyaran risho da kwaɗon ƙofa, amma bakinsa bai daina zancen bindiga ba har ya rasu, kuma Baba ya kwashe duka a kansa. Da ya girma ya samu aikin tuƙi a gidan wani attajiri a unguwar Abhur, mai kamfanin sauke kaya a tasha. Shi ne kafilinsa, wato da sunansa ake sabunta wa Baba iƙama, takardar zaman ƙasa, kowace shekara. Shekara talatin da takwas suka yi tare.

Maigidan nan babu abin da ke motsa masa jini a duniya kamar harbin tsuntsu. Duk shekara da zarar zafi ya fara sauka, shi da abokansa su biyar ko shida za su ɗaure kaya su bar ƙasar. Wata shekarar kurciya a Sudan ko Misra, wata shekarar agwagwar ruwa, wata shekarar makwarwa a duwatsun Maroko. Ni dai har yau ban gane abin da ke sa mutum ya bar firij maƙil da kaji, ya hau jirgi ya je ya bi tsuntsun da bai wuce dunƙulen hannu ba. In na faɗi haka a gaban Baba sai ya ce ba fannina ba ne, in ji da allurata.

Abin da ya ɗaure Baba da maigidan ya wuce tuƙi. Allah ya yi su tsawo ɗaya, faɗin kafaɗa ɗaya, tsawon hannu ɗaya, har tsayin wuya. In suka ba ka baya cikin farin tob, wato jallabiyar mazan ƙasar nan, sai ka dubi launin dunduniya kafin ka san wane ne wane. Ita kuwa bindigar tsuntsu, wadda a nan ake ce wa shozan, Baba ya sha gaya mini ba saita ta ake yi ba, ɗaga ta ake yi, domin tsuntsu ba ya jiran ka kanne ido. In gindinta ya zauna a kafaɗa daidai, kumatu ya kwanta a kan katakon daidai, to inda ido ya kalla nan harsashi zai tafi. In ta yi tsawo za ta maƙale a hammata, in ta yi gajarta za ta mari mai ita. Kamar takalmi take, kowa da tasa.

Maigidan ya ƙi jinin zaman kanti. Tun suna samari ya lura duk bindigar da ta zauna wa Baba shi ma ta zauna masa, sai ya sakar masa aikin gaba ɗaya. Baba baƙo ne, doka ba ta yarda ya mallaki ko harsashi guda ba. Shi dai zai je ya ɗaga, ya gwada, ya ce wannan. Daga baya maigida ya biyo ya sa hannu a takardu, ya wuce, sau da yawa ko akwatin ba ya buɗewa. Kuma bai taɓa dawowa da ƙorafi ba.

Haka ma tufafi. Sau biyu a shekara, kafin azumi da kafin babbar salla, matar maigidan takan cika wa Baba jaka da tob ɗin da mijinta ya gaji da su. Baba a ɗakin direbobi yake kwana a Abhur, ranar Alhamis da yamma yake zuwa wurinmu a Aziziyya ya wuni Juma'a. Sai ya kawo mini jakar in wanke, in canja maɓalli, in juya wuyan da ya goge. In ya saka sai ya miƙe hannu a gaban mijina yana cika baki, wai a duba, ko zare ɗaya ba a taɓa cire masa ba. Wannan ne abin alfaharinsa a duniya, ba gida, ba fili, ba ɗa namiji. Jikinsa ɗaya da na attajiri.

Bayan rasuwar Umma ne ya fara tafiya. Ba ciwo ba ne wanda za a nuna da yatsa, kawai dai mutum ne yake raguwa. A wannan shekarar ce kuma babban ɗan maigidan ya karɓi ragamar kamfani, ya ce an daina tafiya da Baba farauta, can akwai masu ɗaukar kaya da masu yanka. Aka ɗauko wani direban aka ba shi tafiye-tafiye masu nisa, aka bar wa Baba kai matar gida kasuwa da mabuɗin ɗakin bindigogi.

Ranar wata ƙaramar salla na fara gani. Ya fito zai tafi idi, sai na ga bakin tob ɗin yana shafar ƙasa, hannun rigar ya sauko har gindin yatsunsa. Shi bai lura ba, yana ta neman carbinsa. Ni tela ce, kallo ɗaya nake yi wa mutum in san awonsa, kuma a take na gane Baba ne ya ragu. Da jaka ta gaba ta zo, na rage faɗin yatsa ɗaya a hannu, na ɗaga ƙasan, na matse kafaɗa. Na yi ɗinkin da zare irin na ainihi, na goge, ko telan da ya ɗinka su sai ya duba da kyau. Bayan shekara biyu na ƙara rage wani yatsan. Mutumin da ya rasa matarsa, ya rasa tafiyarsa, ban ga dalilin da zan ce masa ya rasa tsawonsa ba. A lokacin har ina ganin kaina mai wayo.

Na kuwa san abin da ke riƙe da shi a gidan nan. Mai dafa musu abinci Bahaushiya ce, ƙawar Umma tun suna 'yan mata, ita ke kawo mini labari. Ta ce duk lokacin sabunta iƙama sai ɗan ya tayar da maganar, wai direba ya wuce shekara sittin da biyar, me ake yi da shi. Uban kuma amsarsa ɗaya ce, wa zai zaɓa masa shozan? A kan wannan tambayar kaɗai zaman Baba a ƙasar nan yake rataye. In ta faɗi, sai a buga masa huruj, takardar fita ba dawowa, ya koma ƙasar da ya bari tun bai gama famfarar haƙori ba. Ni a ƙarƙashin iƙamar mijina nake, shi kuma direban injin ɗaga kaya ne a tasha, aikinsa bai kai ya ɗauki nauyin suruki ba.

A shekarar da abin ya faru, Maroko za su. Maigida ya ce yana son sabuwar bindiga marar nauyi, don hawan dutse ya fara yi masa wuya. Ranar da Baba zai je kanti ta zo daidai da ranar ganin likitan baya, ni kuma nake raka shi asibiti don ba ya gaya wa likita gaskiya. Ya ce mu fara biyawa ta kantin, ba za mu daɗe ba. Wannan ne shigata kantin bindiga na farko, kuma na ƙarshe.

Wuri ne mai sanyin na'ura da warin mai, bindigogi jere a bayan gilashi. Mai kantin wani dattijo ne ɗan asalin Hadramaut, ya san Baba sama da shekara ashirin. Ya taso ya rungume shi, ya sa aka kawo mini kujera da shayi, sannan ya shimfiɗa koren ƙyalle a kan tebur ya jera bindiga huɗu.

Ban taɓa ganin Baba a bakin aikinsa ba sai ran nan. Mutumin da na saba gani yana gyangyaɗi a gaban talabijin, sai ga shi ya miƙe, murya ta buɗe. Ya ɗauki ta farko, irin mai cin harsashi da yawa a jere, ya ajiye ko kafaɗa bai kai ta ba.

"Wannan ta masu gaggawa ce," in ji shi. "Kuma ba kowace ƙasa ke barin a shiga da ita ba. Ba zan sa mutumina ya tsaya jayayya a filin jirgi ba."

Ta biyu ya auna ta a tafin hannu ya ce ta agwagwa ce, dogon baki, nauyi a gaba, ta wanda zai zauna cikin kwalekwale ya jira. Ta uku siririya ce, lamba ashirin mai ƙaramin harsashi, har mai kantin yana yabon rashin nauyinta. Baba ya ce makwarwar dutse da nisa take tashi, ga taurin gashi, wannan sai dai ta raunata ta, ta je ta mutu a rami ba yanka. Ya ce alhakin tsuntsu ma alhaki ne.

Ta huɗu ƙirar Italiya ce, lamba sha biyu, baki biyu ɗaya bisa ɗaya, katakonta ja mai duhu da zane kamar na ruwa. Ya karya ta a gaɓarta ta buɗe, ya ɗaga bakin sama ya leƙa cikin haske. Ya rufe a hankali yana sauraron ƙarar, ya sake buɗewa ya sake rufewa. Ya ɗora ta a kan yatsa ɗaya daidai wurin karyawa, ta tsaya ba ta rinjaya ba. Ya raba ta uku ya mayar, don ya ga yadda za ta kwanta a akwatin jirgi. Na ga fuskarsa ta saki, irin sakin da rabona da gani tun Umma na da rai.

"Wannan ce," ya ce. "Saura kafaɗa."

Ya gyara tsayuwa, ya rufe ido, ya ɗaga ta da sauri. Gindin ya maƙale masa a hammata, ya tattaro rigar. Ya sauke, ya girgiza kafaɗa, ya sake ɗagawa. Ta sake maƙalewa. A karo na uku sai da ya tura ta gaba sannan ta hau, kuma wuyansa ya miƙe yana neman katakon. Ya sa gindin a cikin gwiwar hannu ya miƙa yatsa, da ƙyar kan yatsan ya taɓa kunamar. Na ga tazarar, kuma na san ta.

"Sun fara yi musu tsawo," in ji Baba. "Da jikin Turawa suke awo yanzu."

Mai kantin ya ɗauko abin awo ya shimfiɗa. Ya ammi yake ce wa Baba, wato baffana. "Wallahi ya ammi, tsawonta ɗaya da wadda ka zaɓa shekara biyar da suka wuce. Ga shi a rubuce a littafina."

Baba ya sha mur. Ba ya son a kawo masa takarda a kan abin da hannunsa ya gaya masa.

"Littafinka ne zai yi harbin? Ni ne awon. Dubi nan." Ya miƙa hannu, ya nuna bakin rigar da ya tsaya cif a wuyan hannunsa. "Wannan tob ɗin nasa ne, daga jikinsa ya fito. Ka ga ya wuce? Ka ga ya gaza?" Sai ya juyo gare ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da suna ba. "Uwata, ke ce tela. Faɗa masa, an taɓa cire mini ko zare ɗaya?"

Mai kantin ya dube ni. Ma'aikatansa biyu da ke bayan tebur su ma suka dube ni. Baba kuwa ko dubana bai yi sosai ba, ya riga ya san amsar, hannunsa na miƙe yana jira. Ina iya cewa mu fita waje in gaya maka magana. Ina iya cewa kaina na ciwo, mu dawo gobe. Duk waɗannan sun zo mini ne daga baya, a cikin mota.

Na ce, "Haka ne, Baba."

"Halas, shi ke nan," ya ce wa mai kantin. Ya ɗora yatsa biyu a ƙarshen katakon. "Ka rage mata wannan."

"Ya ammi, in na yanke ba ya komawa."

"Na sani. Yanke."

A asibiti likita ya yi ta magana a kan ƙashin baya da ke tsukewa da shekaru, Baba yana gyaɗa kai, hankalinsa na can wurin bindiga. Ni kuma ina zaune da jakata a cinya.

Na gaya wa mijina a ranar. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce abu ɗaya ne, in faɗa wa Baba tun kafin a taɓa katakon. Na ce zan faɗa. Na kwana biyu ina juya yadda zan fara. A rana ta uku na nemi lambar kantin na buga, ina fatan in gyara abin ta bayan fage, kamar yadda na saba. Mai kantin ya ce an riga an yanke, an manna roba, kuma lambar bindigar ta shiga takardun izinin da aka aika Maroko, ba a canja ta da wata. Na tambaya ko akwai dabara. Ya ce akwai, ana iya sa roba mai kauri ta mayar da tsawon, aikin rabin awa ne, amma ba zai taɓa ba sai Baba ya ce da bakinsa. Sai ya ce, "Ya binti, 'yata, akwai abin da kika sani ne?" Na ce babu, na kashe wayar.

Saura Juma'a ɗaya kafin tafiyar. Na yi niyya, Allah ya sani na yi. Na dafa masa tuwon shinkafa da miyar kuka, abin da ya fi so, na ce in ya ci ya natsu sai in faɗa. Ya ci ya ƙara, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya zaunar da mijina yana kwatanta masa bindigar da sandar tsintsiya, yadda za ta bi makwarwa in ta taso daga ƙasan dutse. Ya ce maigida ya je ya sa hannu, ko akwatin bai buɗe ba, ya dafa shi ya ce in sun dawo za a sabunta iƙama. Mijina yana ta harara ta ta gefen ido. Na buɗe baki sau biyu, na farko na tambaye shi ko zai ƙara miya, na biyu na ce shayi ya yi sanyi. Da la'asar ya tafi, na tsaya a taga ina gaya wa kaina cewa yatsa biyu ba wani abu ba ne, wataƙila maigidan ma ya ragu, ai shi ma ba yaro ba ne.

Bai ragu ba. Mutumin da ke iyo a tafkin gidansa kowace safiya, likita na zuwa har ɗaki, me zai rage shi?

Kwana goma sha biyu suka yi a Maroko. Ƙawar Umma ce ta buga mini ranar da suka dawo. Ta ce maigida ya sauka da kumburarren kumatu da fasasshen leɓe. Tun harbin farko bindigar ta dawo masa, babban yatsansa ya daki hancinsa har jini ya zuba a gaban riga. Ya daure ya ci gaba, kwana biyu bai sauke tsuntsu ko ɗaya ba, abokansa suna ɗaukarsa a waya suna dariya, suna cewa tsufa ya zo. A rana ta uku ya ari tsohuwar bindigar wani mai yi musu jagora, ya sauke shida kafin azahar. Nan kowa ya gane ba hannunsa ba ne. Ta ce ɗan yana dawowa daga filin jirgi ya shiga ɗakin bindigogi da abin awo.

Ranar Talata da rana aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Baba ba ya zuwa ranar Talata. Ya shigo da leda a hannu, ya amsa gaisuwata a taƙaice, ya wuce ɗakin baƙi ya rufe. Ina tsaye a tsakar falo da zare a wuya har ya fito.

Wani tob ne a jikinsa, fari fat, da alamar ninkin wanki. Hannun ya haɗiye yatsunsa. Kafaɗun sun zubo. Ƙasan ya taru a kan ƙafarsa yana jan ƙasa. Ya tsaya a gabana ya ɗan buɗe hannuwa.

"Yau da safe maigida ya kira ni," ya ce. "Bai yi faɗa ba. Ya ce in zo in tsaya kusa da shi a gaban ƙofar gilashi. Kaina a kunnensa ya tsaya. Na ce masa ba zai yiwu ba, ga rigarsa a jikina. Sai ya aika aka ciro wannan daga ma'ajiyarsa." Ya dubi hannun rigar. "Tun yaushe?"

"Shekara huɗu, Baba."

"Shekara huɗu." Ya gyaɗa kai. "Kuma na tambaye ki a gaban mutane."

Na durƙusa. Na ce tausayinsa na ji, na ce ban so ransa ya ɓaci ba, na ce abubuwa da yawa ina kuka. Ya bar ni na gama.

"Uwata, idona bai mutu ba, hannuna bai mutu ba. Bindigar nan ita ce mafi kyau da na taɓa zaɓa masa. Da kin ce mini Baba ka ragu da yatsa biyu, da sai in ce to, in bar mata yatsa biyun, shi ke nan. Wata shekara in ƙara ɗaya. Da haka zan yi ta yi har in mutu a nan." Ya naɗe hannun rigar sau biyu don ya samu yatsunsa. "Komai na sani a kantin nan sai kaina. Ke kuma kin sani, kina zaune kina shan shayi."

Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da na fi samun sauƙi.

Bai gaya wa maigidan cewa ni ce ba. Na roƙe shi ya bar ni in je Abhur in faɗa da bakina, ya ce in na taka gidan nan bai yafe ba. Ya ce bai ga amfanin a ce bayan ya tsufa kuma 'yarsa ta mai da shi abin wasa ba. Aka karɓi mabuɗin ɗakin bindigogi a makon. Da lokacin iƙama ya zo, ɗan ya sake tayar da maganarsa, wannan karon uban bai yi tambayar tasa ba. Sun yi masa sallama mai kauri, ban ce ba su yi ba, har da tikitin jirgi da agogo. Amma ina jin haushin mutumin nan har gobe. Shekara talatin da takwas wani yana zaune a gabanka yana tuƙa ka, ƙeyarsa kake kallo kullum, ba ka ga yana nutsewa cikin kujera ba sai ranar da aka fasa maka leɓe. Ina jin haushinsa, sannan in tuna shi bai gani ba ne, ni kuwa na gani.

Mijina ya zaga neman wanda zai karɓi kafalarsa, a tasha, a masallaci, wurin 'yan uwanmu haifaffun nan da suka samu takardar ƙasa. Kowa sai ya tambayi shekarunsa, sai ya ce Allah ya kawo mafita. Kwana sittin aka ba shi. Ya zauna da mu, yana cin abincina, yana amsa gaisuwata, yana wasa da mijina. Sau uku ya je maƙabartar da aka binne Umma, shi kaɗai, ya hana a raka shi.

Saura mako biyu ya sayo shadda, ya ce can ba za a so a gan shi kullum cikin kayan Larabawa ba. Na miƙa hannu zan karɓa, sai ya ce in bar shi, ina da aiki da yawa. Akwai wani tela ɗan Bangaladash a ƙasan benenmu, tsallaken titi, wanda ko aljihu bai iya sawa daidai ba. Ta taga na hango Baba a shagonsa, tsaye, hannuwa a buɗe, mutumin yana zagaya shi da abin awo. Duk inda aka auna sai Baba ya sunkuya ya dubi lambar da idonsa.

Jirgin safe ya hau zuwa Kano. Jikan wan kakana ne ya tarye shi, mutumin da bai taɓa gani ba, ya kai shi garinsu aka ba shi ɗaki a gidan gado. A filin jirgi ya dafa kaina ya ce ya yafe mini duniya da lahira, in riƙe mijina, in riƙe salla. Na yarda ya yafe, Baba ba ya faɗar abin da ba ya nufi. Ko kuma a da ba ya faɗa.

Yanzu wata goma sha ɗaya ke nan. Duk Juma'a bayan masallaci nake buga masa waya. Ya ce komai lafiya. Abinci ya karɓe shi, bayan ya yi sauƙi, mutanen gidan suna ji da shi, da yamma yana fita bakin fadama ya ga tsuntsayen da kakana ke ba shi labari. Ina jin numfashinsa yana yankewa a tsakiyar magana, in na tambaya sai ya ce layin ne ba kyau. Da na ce ya kunna hoto in gan shi, ya ce kyamarar wayar ta lalace. Na aika masa da sabuwar waya ta hannun wata mai dawowa daga umra, ta tabbatar mini ta damƙa wa mutanen gidan. Juma'ar da ta biyo na ce yalla Baba, maza kunna in ga fuskarka. Ya ce ita ma wannan ɗin bai gane kanta ba, sai an samu wanda zai nuna masa.

Mutumin da ke raba bindiga gida uku ya mayar da ita ido a rufe, shi ne wai waya ta gagare shi. Ya san kallo ɗaya zan yi masa in san nawa ya rage, shi ya sa. Na ce to Baba, Allah ya kai mu wata Juma'ar. Duk duniya ni ce ba ni da bakin da zan ce masa ya daina ɓoye mini.